Gonakin da ke ƙarƙashin ruwa a Jambiani

Tsibirin Unguja, wanda shi ne babba a cikin tsibiran Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, fuska biyu gare shi. Ta yamma, inda tsohon birnin yake, ƙasa ce mai zurfi da albarka: kanumfari, mangwaro, ayaba, kwakwa, ko'ina kore shar. Da mota ta nausa gabas ta ratsa dajin Jozani, inda aka yi wa titi tudun rage gudu saboda jajayen biran da ba a samun irinsu sai a Zanzibar, sai ƙasar noma ta fara ƙarewa mutum yana kallo. Wani farin dutse mai ramuka-ramuka ne ke leƙowa ta ko'ina, tsohon murjani da ya sandare tun zamanin da wurin yake ƙarƙashin teku. Bishiyoyi su gajarce, gonaki su koma 'yan fegi-fegi na rogo da gwanda a tsakanin duwatsu, sai kuka jefi-jefi. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya, da ya leƙa ta tagar mota zai tambayi kansa: mutanen wannan gefe da me suke ci?

A Paje muka karya kudu. Garin ya riga ya cika da otal-otal da matasan Turawa masu wasan da iska ke jan su a kan ruwa da wata babbar lema, don haka ba mu tsaya ba. Jambiani tana gaba kaɗan, kusan kilomita 60 daga birni, ƙauye dogo siriri da ya miƙe a bakin teku unguwa bayan unguwa. Ni da maigidana can ƙarshen kudu muka nufa, inda kwalta ta yi nisa da gidaje, hanya ta koma farin yashi tsakanin katangun dutse. Muka sauka a ɗakin baƙi na wata dattijuwa da kowa ke kira Bibi, yadda ake kiran kowace kaka a can.

A ƙofar gida direba ya ɗaga murya ya ce, "Hodi!" Aka amsa daga ciki, "Karibu!" Jikanta, wani saurayi mai natsuwa da ya zama tafintanmu, ya raɗa mini yadda ake gaida babba. Na rusuna na ce, "Shikamoo, Bibi." Ta ce, "Marahaba, 'yata," ta riƙe hannuna da nata duka biyun. Tafin hannun nan shi na fara lura da shi: kaushi, duk tsage-tsage, faratan sun cinye har nama. Gidan da dutsen murjani aka gina shi aka shafe da farar ƙasa, rabin rufin kwano ne, rabi saƙaƙƙen ganyen kwakwa. Daga bayan gida zuwa bakin ruwa taku kaɗan ne.

Tafkin ne ya kawo mu. Can nesa da gaɓa, fiye da kilomita guda, akwai wani dogon shinge na murjani da ya bi gabashin tsibirin. A kansa raƙuman Tekun Indiya ke fashewa. Daga tudu farin layi kawai ake hangowa, sai wani gurnani da ba ya yankewa dare da rana. Abin da ke tsakanin shingen da gaɓa shi ne tafkin: ruwa kwance, mara zurfi, mai ɗumi, garau har ana ganin inuwar kifi a ƙasa. Launinsa ba ɗaya ba ne. Kusa da ƙafa sai ka ce babu ruwan, gaba kaɗan kore mai haske, sannan shuɗi-shuɗi, inda ciyawa ta yi yawa a ƙasa kuma duhu-duhu, sai bayan shingen shuɗi mai kauri na babban teku. Yashin fari tas, laushinsa kamar garin da aka tankaɗe sau biyu, ko da tsakar rana kuma ba ya ƙona ƙafa sosai. Na sha ganin hotunan wurin, amma gani ya kori ji. Tasbihi kawai na tsaya ina yi.

Da la'asar muka iso, ruwa a cike yana lasar gindin bishiyoyin kwakwa. Da hantsin washegari kuwa babu shi. Ba janyewar wasa ba: tafkin gaba ɗaya ya koma fili, farin yashi da kududdufai har kusa da shingen, kwale-kwale zaune a busasshiyar ƙasa inda jiya suke lilo. A cikin filin nan mata ne birjik, ɗaiɗai da rukuni-rukuni, da zannuwansu masu launi, wasu a duƙe, wasu a zaune cikin ruwa iya ƙugu. Ga amsar tambayar da na yi a mota. Gonar ba a tudu take ba.

Sau biyu a kwana ruwa ke cika, sau biyu ke janyewa, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kimanin minti 50, domin wata ne ke riƙe da akalarsa. Idan wata ya kama sabo, ko ya cika fal a tsakiyarsa, shi da rana suna ja a layi ɗaya, sai cikar ta yi ƙarfi janyewar ta yi nisa. A wannan gaɓa bambancin yakan kai mita 3 zuwa 4. Waɗannan kwanaki su suke kira bamvua, su ne kuma kwanakin aiki. Tsakanin bamvua da bamvua ruwa ba ya sauka sosai, gona ba ta shiguwa. Shi ya sa Bibi ba ruwanta da kalandar bango. Lissafin watan Musulunci ne a kanta, da shi take sanin ranar da za ta shiga ruwa, da ranar da za ta je gaisuwar mutuwa a wata unguwa, da ranar da ya kamata a sa biki don kada mata su kasa zuwa.

Na roƙe ta ta tafi da ni. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da jikan ya faɗa mini: "Ki ɗaura zaninki da kyau, ki sa takalmin roba, kada ki taka inda idonki bai gani ba." A hanya na gane dalili. Cikin ramukan dutse akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi, bushiyar teku, wadda in ta soki mutum ƙayar ke karyewa cikin nama. Akwai kuma kifaye masu dafi da ke kwanciya cikin yashi su saje da shi. Tafiya muka yi mai ɗan nisa, ruwa wani wuri iya idon sawu, wani wuri iya gwiwa, ƙananan ƙaguwa suna tserewa gabanmu.

Gonar turaku ne na itace a kafe cikin yashi layi-layi, da igiyar nailan daga turke zuwa turke. A jikin kowace igiya an ɗaɗɗaura guntayen ciyawar teku da suke kira mwani, tazarar tafin hannu tsakaninsu. Babu shinge, babu alama, amma kowace mace ta san inda nata ya tsaya na maƙwabciya ya fara. Shi mwanin ba ganye gare shi ba. Rassa ne masu kauri da santsi, da 'yan ƙayoyi marasa kaifi, launinsu tsakanin ja da ruwan ƙasa, wasu kore. In aka karya sai ya ce ƙas. Ta miƙo mini guntu in tauna: gishiri-gishiri, ƙaras-ƙaras.

Ta zauna daram cikin ruwa, ta jawo igiya bisa cinyarta. Ta ciro wani curi da ya yi ƙiba, ta jefa mafi yawansa cikin buhu, ta zaɓi reshe mai lafiya ta ɓalle guntu, ta zagaya shi da siririn zaren leda da ke rataye a jikin igiyar, ta ja ƙulli. Ƙullin nan shi ne sana'ar. In ya yi tsauri ya yanke reshen, in ya yi sako-sako ruwa ya tafi da irin idan ya dawo. Ita ko kallon hannunta ba ta yi, hira take da maƙwabciyarta suna dariya, yatsun na aikinsu. Na zauna gefenta ta ba ni igiya guda. Kafin in kai ƙarshenta bayana ya riƙe, gishiri ya gano duk wata 'yar tsaga da ke hannuna, hasken da ke tasowa daga ruwa da farin yashi ya sa idona hawaye. Nan na gane tafin hannun da ya riƙe nawa jiya. Abin da aka ɗaura yau sai bayan mako shida a girbe shi, a sake ɗaura wani daga jikinsa. Ba taki, ba ban ruwa, ba sayen iri kowace shekara. Jari dai shi ne turke da igiya da ƙashin bayan mace.

Wannan noma ba gadon kaka da kakanni ba ne. A 1989 aka fara shi gadan-gadan a nan gabashin Unguja, a Paje da Jambiani, da irin da aka kawo daga ƙasar Filifin. Daga nan ya bazu har tsibirin Pemba, wanda yanzu ya fi Unguja noma shi. Fiye da mutum 20,000 ne ke wannan aiki a Zanzibar, mafi yawansu mata, kuma mwani yana cikin manyan abubuwan da tsibiran ke fitarwa waje. A masana'antun Turai da Amurka da Asiya ake tatsar wani sinadari daga jikinsa, karajinan, mai sa abu ya yi kauri ya haɗe. Yana cikin man goge baki, da askirim, da madarar cakulan, da magunguna, da kayan shafa. Mai yiwuwa mai karanta wannan ya sa shi a bakinsa yau da safe.

Bibi tana cikin waɗanda suka fara. Ta ce kafin zuwan mwani mace a ƙauyen ba ta da wani kuɗi da za ta kira nata, sai abin da ta samu a tufkar igiya da kamun wata halittar teku da suke kira pweza. "Da farko maza ba su so ba," in ji ta, "suka ce za mu raina su. Da suka ga kwano a kan ɗaki da takalmi a ƙafar yara, sai ga su suna saro mana turaku." Ta nuna tudu da haɓarta: rabin rufin kwanon nan na gidanta daga cikin ruwan nan ya fito, haka kuɗin makarantar uban wannan jikan da ke fassara mana. Yaron ya fassara jimlar ƙarshe yana kallon ƙasa.

Rana ta kusa tsakiya sai ta kama hannuna ta tsoma cikin wani kududdufi da ruwa ya bari. Zafi rau, kamar an ɗora a wuta an sauke. Ta laluba ta ɗago wani reshe da tsakiyarsa ta yi fari fat ta yi laushi, tana taɓawa ya rabu biyu. Iri biyu aka kawo tun farko, kotoni da sifinosam. Kotoni ya fi tsada, domin sinadarinsa ya fi ƙarfi, amma ba ya jure zafi. Da ruwan tafkin ya ƙara ɗumi a shekarun nan sai ya riƙa yin fari yana ruɓewa a jikin igiya, har yawancin matan suka haƙura da shi suka koma wa sifinosam mai araha. Shi ma a watannin zafi, wajen Janairu zuwa Maris, yakan sha wuya. Ɗumamar yanayi da nake ji a rediyo kamar zancen manyan taruka, ga ta a tafin hannun tsohuwa, farar ruɓaɓɓiyar ciyawa. Matan nan ba su da mota, ba su da masana'anta, ba su ƙona komai ba sai itacen girki da ɓawon kwakwa, amma su ne a sahun gaba wajen biya. Abin ya tsaya mini a rai, har yau kuma bai sauka ba.

Dawowar ruwa ba ta da hayaniya, shi ya sa take da haɗari ga baƙo. Ba daga gaba yake tahowa a jere ba. Ta ƙananan kwaruruka yake fara silalowa, ya zagaya ta bayan mutum ya cike su, tudun yashin da kake tsaye ya zama tsibiri ba ka sani ba. Ni ban ga komai ba, amma sai na ga mata ko'ina sun fara miƙewa a lokaci guda, ba wadda ta kira wata. Aka ɗaure bakin buhuna, aka naɗa gammo, wannan ta taya wannan ɗauka. Jiƙaƙƙen mwani nauyi gare shi na gaske, ruwa na zuba daga buhun yana bin wuya da baya. Wasu suka ɗaura buhunan da igiya suna ja a kan ruwa. Muka taho a layi, ruwan da muka ratsa iya gwiwa ɗazu ya kai cinya.

Kusa da gaɓa na ga tarin duwatsu nan da can, an jera su da gangan. Kowane tari na wata ne. A ƙarƙashinsa ɓawon kwakwa ne aka binne cikin jiƙaƙƙen yashi, ya yi watanni ruwan gishiri na shiga yana fita har ya yi laushi. Sannan a tono shi, a ɗora a kan dutse a yi ta bugu da sanda har zaren ya rabu, a wanke, a shanya, a murza a cinya ya zama igiya. Da ita ake ɗaure rufi, a saƙa gado, a ɗaure jirgi, ruwan teku kuma ba ya cin ta da wuri. Ita wannan sana'a ta girmi mwani nesa ba kusa ba. Haka ma kamun pweza, wata halitta mai hannaye takwas da ke ɓuya cikin ramukan dutse, wadda mata ke zaƙulowa da siririn sanda idan ruwa ya janye. A daren nan mun ci ta, an dafa da madarar kwakwa da citta da lemun tsami, a kan shinkafar da ita ma da kwakwa aka dafa ta.

Idan ruwa ya cika, tafkin ya koma hannun maza. Wata rana muka shiga ngalawa, kwale-kwalen da ake sassaƙawa daga gungumen mangwaro guda, siriri ƙwarai, da katako biyu a miƙe hagu da dama don kada ya kife, da ƙyallen iska mai kusurwa uku wanda ya sha faci. Mai jirgin dattijo ne mara yawan magana. Maigidana ya ce masa, "Mzee, yau iska za ta bar mu mu kai shingen?" Ya ɗaga kai ya dubi ganyen kwakwa, ya ce, "In sha Allahu. Mama ta zauna tsakiya." Da dogon sanda ya fara tura mu, sai da muka fita daga kan gonaki, don kada ya tsinka wa wata igiya, sannan yaronsa ya saki ƙyallen. Jirgin ya zabura. Babu inji, babu hayaƙi, sai ƙarar ruwa a jikin katako.

Iska biyu ce ke mulkin wannan gaɓa. Kaskazi tana busowa daga arewa maso gabas wajen Disamba zuwa Maris, kusi kuma daga kudu a tsakiyar shekara, ita ce mai ƙarfi. Su ne suka yi ɗaruruwan shekaru suna kawo jiragen Larabawa da Farisawa da Indiyawa su kuma mayar da su, har Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya dawo da fadarsa Zanzibar a wajajen 1840. Dattijon nan da iskar da ta kawo su yake aiki har yau, kuma ya san halinta kamar yadda Bibi ta san halin wata.

Kusa da shingen ya tsaya ya jawo wani kejin kifi da aka saƙa da tsiraran itace, mai ƙofa da ke shigar da kifi ba ta fitar da shi. Kifaye kaɗan ne a ciki. Ya zaɓi biyu ƙanana ya mayar ruwa ba tare da ya ce komai ba. Aka ba ni gilashin ruwa na sunkuya daga gefen jirgi na leƙa. Wata duniya ce daban: murjani mai rassa, murjani mai kama da ƙwaƙwalwa, kifaye shuɗaye da rawaya da masu zane-zane, wani babba kore yana gatsar dutse har ina jin ƙarar haƙoransa ta cikin ruwa. Irin wannan kifi yana niƙa dutsen a cikinsa ya fitar da shi gari, kuma wani kaso na farin yashin da baƙi ke tsallako duniya don su taka daga nan yake. Shi kansa murjanin rayayye ne, ƙananan halittu ne ke gina shi a hankali, kuma zafin da ke kashe kotoni shi ma yana kashe shi. A 1998 murjanin Tekun Indiya ya yi mummunan fari saboda ɗumin ruwa, da yawa bai farfaɗo ba. Tsakanin masu rai na ga fage-fage na matattu, toka-toka, sun karye sun zube. In shingen nan ya lalace, raƙuman da nake jin gurnaninsu daga ɗaki ba abin da zai tare su, kuma babu sauran tafki, balle gona.

Da yamma ƙauyen kan dawo tudu. Maza su zauna a dakalin ƙofar gida suna kurɓar baƙin kofi a 'yan ƙananan kofuna, wasu na buga bao, wasan da ake zuba 'ya'yan itace cikin ramukan allo. Yara su fito daga makarantar allo da ɗan kwalinsu da hulunansu, su kwarara bakin ruwa da ƙwallo. Da an kira magariba sai wurin ya yi tsit. Kusan kowa a nan Musulmi ne, kuma Musuluncin ba na jiya ba ne. Mun yi tattaki zuwa Kizimkazi a kudancin tsibirin, ta hanyar Makunduchi, inda wani ɗan ƙaramin masallaci yake. An sake gina mafi yawansa a ƙarni na 18, amma a jikin bangon alƙibla akwai rubutun Larabci na tsohon salon Kufi da aka sassaƙa a dutse mai ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Fiye da shekara 900 ke nan ana fuskantar alƙibla a wurin.

Akwai abin da ba zan rufe baki a kansa ba. A 2023 baƙi fiye da 600,000 suka shiga Zanzibar, tsibiran da mutanensu ba su kai miliyan 2 ba a lokacin. In mutum ya bi gaɓar Jambiani ya yi arewa, zai ga yadda otal-otal suka jeru a bakin ruwa, gidajen 'yan gari suka koma baya. Hanyoyin da mata ke bi da buhu a ka sun zama 'yan lunguna tsakanin katanga da katanga. Wuraren shanya sun ragu. Teku na cin gaɓa, kowane mai hali ya gina bangon siminti a gabansa, ruwan ya koma ya ci na maƙwabcin da ba shi da hali. Ruwan sha kuwa a wannan gefe daga rijiyoyi da koguna na cikin dutse yake fitowa, ɗan kaɗan ne yake kwance a kan ruwan gishiri, in an zuƙa da yawa gishirin ya hauro. Na ga yarinya da jarka tana jiran layi a famfo, bayan katangar da ke gefenta kuma ana jin ƙarar masu wanka a tafkin otal. Ba na cewa baƙi ba su kawo alheri ba. Samari da yawa a can suke aiki, masunta na samun masu sayen kifi, mu kanmu baƙi ne, kuma kuɗin ɗakinmu ya shiga hannun Bibi. Amma a ƙofar unguwa akwai allo da ke roƙon baƙi su rufe kafaɗa da gwiwa in za su shiga gari, kuma na ga waɗanda suka wuce shi kamar ba da su ake ba. Na ga wanda ya tsaya a kan mace tana duƙe cikin gonarta ya ɗauki hotonta, ko sannu bai ce ba. Da na yi wa Bibi zancen, cewa ta yi: "Wanda ya yi sallama, ko bai iya harshenmu ba, mun san daga gidan mutunci ya fito."

Da bamvua ta wuce sai aiki ya koma shanya. A kan ganyen kwakwa da tsofaffin buhuna ake baza mwani, a gefen hanya, a tsakar gida, ko'ina ƙauyen ƙarni-ƙarnin teku. Cikin 'yan kwanaki ya motse ya ƙanƙance, ya koma shunayya da fari, gishiri ya fito masa. Buhunan da suka kusa karya wuyan mace su koma abin da yaro zai ɗauka. In hadari ya taso kowa ya bar abin da yake yi a kwashe, domin ruwan sama na ɓata shi. Na raka ta wurin mai saye, wani ɗaki da sikeli a rataye da buhuna jibge har rufi. Ya zura hannu ya ji bushewar, ya karkaɗe yashi, ya auna, ya rubuta a littafi, ya ƙirgo mata shilin. Ba ciniki. Shi ke faɗin farashi, shi ma daga sama aka faɗa masa, kuma kilo guda na busasshe bai kai dala ɗaya ba. Wani lokaci ma, in ji matan, sai a daina saye na makonni, kaya na jibge a ɗaka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ta ƙulle kuɗin a bakin zani ba ta ce uffan ba, muka biya ta kanti ta sayi sukari da sabulun wanki da littafin rubutu guda biyu.

Matan ba su zauna sun naɗe hannu ba. Wasu sun haɗa ƙungiya suna niƙa mwani su yi sabulu da man shafawa da garin da ake zubawa a abinci, su sayar wa baƙi kai tsaye. Sabulu guda ɗaya ya fi kilo da yawa na ɗanyen kaya kuɗi. Wasu kuma sun fara kai gona can cikin ruwa mai zurfi, inda sanyi yake, inda kotoni ke iya rayuwa. Sai dai wannan yana buƙatar jirgi, yana kuma buƙatar iya iyo, abin da yawancin matan gaɓar nan ba a koya musu ba duk da a bakin teku aka haife su. Yanzu ana koya wa 'yan mata, da riguna masu rufe jiki duka. Ƙanwar tafintanmu na cikinsu.

Na tambayi Bibi ko hankalinta ya kwanta da hakan. Ta daɗe tana yanka zaren leda guntu-guntu na ɗaurin bamvua mai zuwa kafin ta amsa. "Ni ban taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙirjina ba, 'yata, ba kuma yanzu zan fara ba. Amma ita ta shiga. Kotoni yana can, kuɗin ma can suke. Sharaɗi biyu na kafa wa ubanta: ba za ta hau jirgi ba sai da rigar ceto, kuma ranar da kusi ta tashi da ƙarfi, ko me aka ɗaura a can, a gida za ta wuni."